Mai Jiran Ruwan Lungunmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kakana ya koma, a gadon asibiti, kafin a kira assalatu. Da hantsi aka kawo shi gida, a unguwarmu Maamobi. Abu na farko da aka nema shi ne ruwan da za a yi masa wanka, aka rasa, domin kwana huɗu famfon lungunmu bai ɗiga ba. Sai da Baffana ya fita bakin titi ya sayo galan shida a wurin masu tanka. Da aka shigo da su, wata tsohuwa cikin masu zaman makoki ta dube su ta ce, "Wannan mutumin, da ruwan tanka?"

Maza suka cika kujerun roba a ƙarƙashin rumfa. Kowa ya zo sai ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, mutum ne mai haƙuri." Waɗanda suka faɗi haka ba su san shi ba. Kakana ba shi da haƙuri ko kaɗan; abin da yake da shi iya jira ne, kuma ba ɗaya ba ne.

Waɗanda suka san shi mata ne. Mai dokunu, wata Kirista 'yar ƙabilar Ga da ke sayar da wannan ƙullin tuwon masara a ƙarshen lungu, ta zo cikin baƙin zane ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shiga ta ƙi tafiya. "Due o, due," take ta cewa, ta'aziyyar mutanen nan. Mai koko ta fi kowa kuka, har aka riƙe ta. 'Yan kayaye, 'yan matan arewa masu dakon kaya a ka, suka tsaya can tsallaken kwata da farantansu a hannu, ba su matso ba. Gwaggona, 'yarsa, ba ta yi kuka ba. Ta zauna gaban tukunyar waakye, shinkafa da waken da take sayarwa, wadda ba a ɗora ba, tana kallon cikinta.

Ni ina raba wa baƙi ruwan leda. Duk wadda na miƙa wa sai ta ce, "Sannu, ke ce 'yar lelensa." Sai in sunkuyar da kai. Ba su san cewa wata biyar na yi ina neman kalma guda daga bakinsa ba, ya ce ya yafe mini. Abin da na yi masa da hannuna na rubuta shi, shi ya sa nake ganin da hannuna ya kamata in rubuta wannan.

Tun yana saurayi ya gangaro daga ƙasar Nijar, ya yi dakon goro, daga baya ya sami gadi a wani sito na kaya. Ya fi shekara talatin a ƙofar siton nan. Wata rana masu wurin suka ɗauko samari masu kaki, suka kafa na'urorin ɗaukar hoto, suka sallame shi. Ya dawo gida, amma barcin dare bai dawo tare da shi ba. Yakan ce, "Idona bai san an sallame mu ba."

A lungunmu ruwa ba ya zuwa sai ya ga dama, kuma yawanci sai tsakar dare yake ganin damar. Wani lokaci ya yi awa uku, wani lokaci ko rabin awa ba ya kaiwa. Famfon na wani maigida ne da ke karɓar kuɗin kowane galan da safe. Shi ba ya iya hana kansa barci, sai ya ba Kakana makullin. Ba a yi maganar lada ba, Kakana kuma bai tambaya ba.

Bututun ruwanmu a fili yake, yana bin gefen kwata. Bayan isha'i Kakana yakan ɗauki bencinsa ya zauna, ya tuɓe takalmin dama, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan bututun, yana jan carbi. Kafin ruwa ya iso bututun yakan yi wata 'yar rawa da ido ba ya gani. Da ya ji ta a ƙafarsa sai ya miƙe. Ba ya buga ƙofa, don kada ya tada magidanta da jarirai. Da kan sandarsa yake karce tagar macen da yake nema, ya ce kalma ɗaya, "Ruwa," ya wuce.

Galan-galan sukan yi layi tun la'asar, amma shi bai taɓa bin layin ba. Abin da yake bi shi ne wace tukunya ta fi daɗewa a wuta. Mai waakye, wato Gwaggo, ce farko, domin shinkafa da waken da direbobin trotro, motocin hayar nan, za su ci da asuba tun dare ake ɗora su. Sai mai dokunu, sai mai koko, sai mai shayi. Bayan su gidaje, masu wanki kuma su ne ƙarshe. In wata ta yi gunaguni sai ya ce, "Wake ba ya jin roƙo. Kokonki kuwa, ko a guje kika zo zai dahu."

Akwai daren da wani Alhaji mai gidan bene ya sauko da kansa, saboda an matsar da galan-galan ɗin gidansa baya. Ina ji ta taga.

"Baba, nawa ne farko tun azahar."

"Na gan su."

"To me ya mai da su can?"

"Ni. Alhaji, da safe me za ka ci?"

"Ina ruwan abin da zan ci da wannan?"

"Ka aiko a saya maka waakye jiya, ka aiko shekaranjiya. In ka ɗebi ruwan nan yanzu, gobe da wanka za ka karya."

Alhajin ya yi tsaki, ya kira shi tsoho mai taurin kai, ya hau benensa. Washegari kwanonsa ya zo wurin Gwaggo kamar kullum.

Mai jego ba ya tashinta, mai takaba ma haka. Sai dai ya sa matan da ke wurin su cika musu nasu, kuma babu mai musa masa. 'Yan kayaye ba su da galan ba su da makewayi, a barandar wani shago suke kwana. In kowa ya gama, yakan bar musu famfon su yi wanka a bayan langa-langan da ya jingina musu. Shi kuma ya tsaya a bakin lungu ya juya musu baya, sanda a hannu, fuskarsa na kallon titi. Duk namijin da ya nufo, ko limami ne, sai ya zagaya ta wata hanya. Ban taɓa jin ya ba kowa labarin wannan ba. Na sani ne don ni ma ba na barci da wuri.

Ni "Uwargida" yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Ya same ni da littafi ya ce, "Uwargida, wannan ne zai tuƙa mini tuwo?" In yi murmushi kawai, don tun ina ƙarama magana nauyi take yi mini. Ya ce wa Gwaggo, "Kin gani? Kowa ya auri mai surutu, ni na auri bebiya." Duk da haka shi ne yake hana a kashe mini fitila, kuma ranar da aka ɗauke wuta ina da jarrabawa, tocilansa ya ba ni ya zauna a duhu.

A shekarata ta uku a jami'a malaminmu ya ba mu aiki. Ya ce birni ba ya rufe kasuwa da faɗuwar rana, amma masu tsara birni ba su san girman abin da ake yi tsakanin isha'i da asuba ba, shi ya sa suke korar masu tebur kamar ba su da amfani. Kowa ya je unguwarsu ya auna. Aka ba mu takarda mai gidaje: sana'a, cinikin dare ɗaya, mutum nawa ke aiki. Duk baligin da muka tarar a waje sai mu shigar da shi. Na ji daɗin aikin. Na ɗauka zan taimaki mutanenmu.

Da ba don Kakana ba da ban cika ko layi ɗaya ba. Na tsaya gaban mai tsire da takardata na kasa buɗe baki, shi kuma ya zaci daga ofishin haraji nake, ya fara tattara faranti. Kakana ne ya taso ya ce, "Kai, ajiye. Matata ce. Gaya mata gaskiya, ba irin wadda kake gaya wa matarka ba." Haka ya bi da ni tebur tebur har mako biyu: masu indomi, mai kelewele, wato soyayyar ayaba da yaji, mai cajin waya, mai faci, matan da ke tsaye kan tukwane. Kowa ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa baƙo ba, saboda tsohon da ke tsaye a bayana.

A daren ƙarshe ya koma kan bencinsa ya ce, "Saura ni."

Na tambaye shi me yake sayarwa, ya ce babu. Wa ke biyansa, ya ce Allah. Na duba takardar sama da ƙasa. Ga wanda ba ya sayarwa kuma ba a biyansa, gida ɗaya ne kawai aka tanada. Na sa alama a ciki.

"Karanta mini."

Shi ajami ya iya, bai iya boko ba. Da na ce masa "mai tsaron famfo" da ba zai taɓa sani ba. Amma ni mutum ce da ko waƙafi ba na son ya zauna inda ba wurinsa ba, kuma a lokacin ina alfahari da wannan hali. Na fassara masa abin da ke rubuce.

"Marar aikin yi."

Ya sauke ƙafarsa daga kan bututun.

"Sake faɗa."

"Kaka, haka takardar take. Ba wai..."

"Takardar ce ta riƙe biron?"

Ya nuna bakin lungu da sandarsa.

"Mai faci da ke barci a kan taya, shi mai aiki ne?"

"Shi ana biyansa."

"To." Ya sa takalminsa. "Na gode, Malama."

Daga ranar ban sake zama Uwargida ba. Kwana uku bai taɓa abincin Gwaggo ba. Ashe duk shekarun nan yana cin kwanonta a kan ladan aikinsa ne, ba ciyar da tsoho ba. Gwaggo ta same ni a ɗaki ta ce, "Ke da aka tura ki ki yi ilimi, wannan kika samo? Uban da ya haife ni?" Na je na durƙusa na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Me kika yi? Gaskiya kika rubuta."

A dare na huɗu ya fito da gwangwanin madara ya ajiye a gefen benci. Duk wadda ya tasa, ya ce ta jefa abin da ya sawwaƙa. Matan suka yi mamaki, amma suka jefa, wasu har suna cewa ai tuntuni ya kamata. Bayan mako guda ya kira ni, ya juye 'yan tsabar a kan tabarma.

"Ƙirga."

Na ƙirga.

"Yanzu rubuta."

Na soke alamar, na mai da shi gidan masu aiki, na rubuta abin da na ƙirga. Na zaci magana ta ƙare, har na ji sanyi a raina.

Ba a yi wata ɗaya ba abin ya fara tsami. Gidan Alhaji suka jefa takardar kuɗi, ba tsaba ba, suka tsaya suna kallonsa. Masu wanki suka ce su ma sun jefa. Wani dare ruwa ya zo siriri, kowa ya ga ba zai daɗe ba, Kakana ya jawo galan ɗin Gwaggo gaba kamar yadda ya saba. Sai mai koko, wadda a nan aka haife ta kuma a gabansa ta girma, ta sa ƙafa ta tare, ta ce da irin Hausar nan da ba ta bambanta mace da namiji:

"Baba, ni ma na biya o. Kullum ɗiyanka ne farko, kullum ɗiyanka. Shi nawa ya sa a gongoni?"

Shekara da shekaru Gwaggo ce farko, ba wanda ya taɓa cewa don 'yarsa ce. Kakana ya buɗe baki zai yi maganar wake, ya fasa. Gwaggo ta ture ƙafar mai koko, mai koko ta cakumi ɗankwalinta, sauran suka rufa wa famfon. Bakin bokiti ya fasa wa mai dokunu gira. A cikin turereniyar aka bangaje Kakana ya faɗi a gefen kwata, hularsa ta faɗa ciki. Kafin a raba su ruwa ya ɗauke, rabinsa a ƙasa ya zube.

Da asuba ya kai gwangwanin masallaci ya juye a akwatin sadaka. Amma da hantsi mai famfo ya zo. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce ba ya son a zubar da jini a kan kayansa, kuma bai san ana karɓar kuɗi a bayan nasa ba. Ya miƙa hannu. Kakana ya ciro makullin daga aljihu ya ba shi.

Daga nan tanki mai famfo ya sa, yana tara ruwan ya sayar da safe, wanda ya riga ya riga. Gwaggo ta koma sayen ruwan tanka, ta rage tukunya, daga baya ta koma kwana uku a mako. Mai dokunu ta daina na asuba. Direbobin trotro suka sauya inda suke tsayawa, mai shayi ya bi su. 'Yan kayaye ban san inda suka koma wanka ba. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, ta kau da kai.

Na je wurin malaminmu na yi ƙoƙarin bayyana masa. Na daɗe ina shirya maganar a zuciya, da na shiga ofis sai ta fito guntu-guntu. Ya saurare ni, mutumin kirki ne. Ya ce abin da nake faɗa sananne ne, ma'auni ba ya kama duk abin da ke da amfani, kuma ina iya ambatar haka a babin ƙarshe. Ya ce aikina ya fi na kowa tsabta a ajin. Na fito na zauna a kan matakala har aka rufe ginin.

Kakana bai daina fita ba. Ba makulli, ba wadda zai tasa, amma bayan isha'i sai ya ɗauki benci ya tuɓe takalmin dama. Yana jin ruwan yana wucewa ƙarƙashin ƙafarsa zuwa tankin wani, yana zaune. Baffana ya roƙe shi, limami ya roƙe shi. Ya ce a cikin ɗaki me zai yi. Damina ta same shi a nan. Tari ya kama shi, ya ɓoye, har ranar da ya kasa ɗaga bencin.

Sau da yawa na tsaya a bakin ƙofa ina so in je in zauna kusa da shi. Sau biyu kawai na iya. Na kai masa shayi, ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, ya tambaye ni karatu kamar yadda ake tambayar 'yar maƙwabci.

A asibiti kwanansa tara. Daren ƙarshe Gwaggo ta fita neman magani, aka bar ni da shi. Ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Na ɗauka barci yake, sai ya yi magana ido a rufe.

"Kin kai musu takardar?"

"Na kai."

"Ina ciki?"

"Kana ciki, Kaka."

"A ina?"

An jera mutanen ne daga mai yawan ciniki zuwa mai ƙaranci.

"Faɗa. Ke ba ki iya ƙarya ba, kada ki fara a kaina."

"A ƙarshe."

"Ƙasa da mai ruwan leda?"

"Ƙasa da ita."

Ya yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce ko tarin ne. Ya ce, "To, an dai rubuta."

Na sauko daga kujera na durƙusa a kan siminti, na kama gefen gadon. Duk abin da na daɗe ina tarawa, cewa takardar ce ba ta da ido, cewa duk waɗanda ke samansa a jerin da ruwansa suka dafa, bai fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Kaka, don Allah ka yafe mini."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe. Ban ga fushi ba. Gajiya na gani. Ya ɗaga hannu kaɗan daga kan bargo, na zaci kaina zai dafa, sai ya nuna taga.

"Dare ya yi. Tafi, kafin trotro su ƙare."

Gwaggo na dawowa na tafi, domin ban taɓa ƙin bin maganarsa ba. Gwaggo ta ce bayan fitata bai sake cewa komai ba sai kalmar shahada.

Kafin a ɗauke shi limami ya tsaya a ƙofar gida ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Daga cikin gida muka amsa gaba ɗaya, mun yafe, har da mai koko, muryarta a dishe. Na jira ko za a ce wani abu game da waɗanda suka ɓata wa mamacin. Ba a ce ba. Aka ɗaga makara.

Ya Allah, bawanka ne, ya kwana a farke saboda bayinka, Kai kuma ba a ɓoye maka aikin dare. Ka auna shi da ma'auninka, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi barcin da ya rasa a duniya. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. In kuma akwai malamin da ya san abin da mai rai zai yi idan ya roƙi gafara aka ce masa dare ya yi, ina Maamobi, ya aiko a gaya mini.